KUƊIN ƁOYE A YAƘIN NEMAN ZAƁE: YADDA ABIN YA KASANCE A AMURKA



Duk inda aka ce za a yi zaɓe, to, lalle za a kashe kuɗi. Ɗan takara yana bukatar mota da mai, da takardun mannawa a bango, da fili a gidan rediyo da na talabijin, da mutanen da za su bi gari gari suna tallarsa. Babu aibu a cikin wannan, kuma babu ƙasar da ta taɓa yin zaɓe ba ta kashe ko kwabo ba. Abin da wannan jawabi ya dosa wani irin kuɗi ne dabam, watau kuɗin da ake zubawa a cikin yaƙin neman zaɓe alhali mai jefa ƙuri'a bai san aljihun da suka fito ba. Amurkawa sun laƙaba musu suna kuɗin duhu. A nan za a kira su kuɗin ɓoye, domin ɓoye sunan mai su shi ne tushen maganar.

An zaɓi Amurka ne saboda dalili biyu. Na ɗaya, daga can aka ɗauko tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko wanda Nijeriya ta soma aiki da shi a 1979. Na biyu, sun fi shekara 100 suna fama da wannan al'amari, suna toshe wata kafa wata na buɗewa, kuma yawancin abin da ya faru yana rubuce a takardun kotu inda kowa zai iya dubawa.

ASALIN DOKAR BAYYANA SUNA

A 1905 Majalisar Dokokin Jihar New York ta binciki manyan kamfanonin inshora, sai aka tarar ɗaya daga cikinsu, New York Life, ya ba da kusan dala 50,000 a asirce don zaɓen Shugaba Theodore Roosevelt na 1904. Kuɗin nan kuwa na masu biyan inshora ne, waɗanda ba a shawarce su ba, kuma da yawansu ma ba jam'iyyar suke bi ba. Hayaniyar da ta biyo baya ita ta haifar da dokar 1907 wadda ta hana kamfanoni ba 'yan takarar tarayya gudummawa. Dokar ta daɗe a takarda kawai, domin ba a kafa hukumar da za ta sa ido a kanta ba.

Sai a 1971 aka yi cikakkiyar doka mai tilasta bayyana sunayen masu ba da gudummawa, aka ce za ta fara aiki ran 7 ga Afrilu, 1972. Kwamitin sake zaɓen Shugaba Richard Nixon ya yi amfani da 'yan makonnin da suka rage kafin wannan rana, ya bi attajirai da kamfanoni ya tattara miliyoyin daloli, wasu tsabar kuɗi a cikin jaka, da alkawarin ba za a ji sunan kowa ba. Ran 17 ga Yuni na wannan shekara aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate. Da aka duba ajiyar ɗayansu a wani banki na Miami, sai ga cek na dala 25,000 wanda aka bayar gudummawa ga yaƙin zaɓen Nixon, ga kuma wasu dala 89,000 da aka biyo da su ta Meziko don a ɓad da sawu. Wannan zare aka yi ta ja har Nixon ya sauka daga mulki ran 9 ga Agusta, 1974. Kamfanoni da dama, har da American Airlines da Gulf Oil, sun amsa laifin ba da gudummawar da doka ta hana.

A cikin 1974 ɗin aka gyara dokar. Aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara, dala 1,000 a kowane zaɓe a wancan lokaci, aka kuma kafa Hukumar Zaɓe ta Tarayya don ta riƙa karɓar lissafi. Ƙa'idar da aka zauna a kanta daga baya ita ce, duk wanda ya ba ɗan takara fiye da dala 200, za a rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa da wurin aikinsa, a ajiye inda kowa zai gani.

Ba a jima ba aka kai dokar gaban Kotun Ƙoli. A hukuncin da ta yanke a Janairu 1976, a shari'ar Buckley da Valeo, kotun ta yarda a ƙayyade gudummawa, ta yarda a bayyana suna, amma ta ce ba za a hana mutum kashe kuɗinsa don faɗin ra'ayinsa ba, domin a ganinta hana kashe kuɗin daidai yake da toshe baki. Sa'an nan a wani ɗan ƙarin bayani a ƙasan shafi ta lissafa irin kalmomin da ke mai da talla ta zama tallar zaɓe, kamar a ce "zaɓi wane", ko "ka da wane", ko "ba wane ƙuri'arka". Lauyoyi suka gane abin da wannan yake nufi nan da nan. Muddin talla ba ta furta irin waɗannan kalmomi ba, tana iya zagin ɗan takara tun daga farko har ƙarshe, ta rufe da cewa a buga masa waya a gaya masa ya daina cutar talakawa, kuma a wurin doka ba tallar zaɓe ba ce, wayar da kai ce kurum. Duk mai sauraro ya san inda aka dosa, doka kaɗai ce ba ta sani ba.

ƘUNGIYOYIN DA BA SU NEMAN RIBA

Kafar da kuɗin ɓoye suka fi bi ba a cikin dokar zaɓe take ba, a cikin dokar haraji take. Sashe na 501 na dokar harajin Amurka ya yafe wa wasu ƙungiyoyi haraji, a cikinsu har da waɗanda aka kafa don jin daɗin jama'a, irin su ƙungiyar masu kashe gobara ta sa kai, ko ƙungiyar raya unguwa. Irin wannan ƙungiya ba a tilasta mata ta faɗa wa jama'a masu ba ta kuɗi ba, kuma ba a ƙayyade abin da za a ba ta ba. Mutum ɗaya yana iya ba ta dala 10, yana iya ba ta miliyan 10, kamfani ma haka.

Dokar da kanta cewa ta yi sai ƙungiyar ta kasance aikin jin daɗin jama'a kaɗai take yi. Amma a 1959 Ma'aikatar Kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta fassara "kaɗai" da cewa ya isa in aikin jin daɗin jama'a ne ya fi rinjaye. Daga nan lauyoyi suka ɗauka cewa ƙungiya tana iya kashe abin da bai kai rabin kuɗinta ba a kan siyasa tsantsa, ta ci gaba da riƙe matsayinta. Sauran rabin kuma ba wuya a cike shi da irin tallar nan ta "wayar da kai", ko kuwa a miƙa shi kyauta ga wata ƙungiya 'yar'uwa, wadda ita ma za ta kashe rabinsa a siyasa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, irin su Majalisar Ciniki ta Amurka, suna da irin wannan sutura a ƙarƙashin wani sakin layi na sashen.

Duk da haka akwai wani shinge da ya rage, domin ƙungiyar da ta karɓi kuɗin kamfani ba ta da ikon fitowa fili ta ce a zaɓi wane. Dokar McCain da Feingold ta 2002 ma ta ƙara ɗaure shingen, ta hana amfani da kuɗin kamfani ko na ƙungiyar ƙwadago wajen tallar rediyo da talabijin mai ambaton ɗan takara in ya rage kwana 60 a yi babban zaɓe, ko kwana 30 a yi na fidda gwani.

Wannan shinge ne Kotun Ƙoli ta rushe ran 21 ga Janairu, 2010. Wata ƙungiya mai suna Citizens United ta shirya fim na sukar Hillary Clinton a lokacin da take neman tsayawa takara a 2008, doka ta hana ta nuna shi ta talabijin a cikin kwanakin da aka haramta, ta kai ƙara. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce kamfani da ƙungiyar ƙwadago suna da 'yancin kashe ko nawa suka ga dama wajen tallar zaɓe, muddin ba su haɗa baki da ɗan takarar ba. Abin da mutane suka cika mantawa shi ne, a cikin wannan hukunci ɗin alƙalai takwas daga cikin tara sun goyi bayan bayyana sunayen masu ba da kuɗi. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa a zamanin intanet jama'a za su ga mai biyan kuɗin talla ba tare da ɓata lokaci ba, su auna maganar da mai ita. Kotu ta buɗe ƙofa bisa zaton akwai fitila a ɗakin, alhali kuwa dokar haraji ta riga ta kashe fitilar tun 1959.

Wata biyu bayan haka wata kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta yanke hukuncin da ya haifar da manyan kwamitocin zaɓe masu zaman kansu, waɗanda ke karɓar kuɗi ba iyaka. Su waɗannan dole ne su bayyana masu ba su kuɗi. To, amma idan wanda ya bayar ƙungiyar jin daɗin jama'a ce, sunanta kaɗai za a rubuta, masu kuɗin na ainihi suna bayan labule. An bayyana, ba a bayyana ba ke nan.

Lissafin cibiyar Center for Responsive Politics ya nuna kuɗin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka sanar sun kashe a zaɓen tarayya, ba tare da faɗin masu su ba, kimanin dala miliyan 5 ne a 2006. A 2012 sun wuce miliyan 300. Ƙungiya guda, Crossroads GPS, wadda Karl Rove mashawarcin tsohon Shugaba George W. Bush yana cikin waɗanda suka assasa ta, ta kashe fiye da miliyan 70 a wannan shekara. Cibiyar Brennan ta Jami'ar New York ta ƙiyasta cewa a zaɓen 2024 kuɗin ɓoye sun kai dala miliyan 1,900, yawancinsu ta hanyar zubawa a manyan kwamitocin nan.

YADDA AKE ƁAD DA SAWU

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A Maris 2011 aka yi rajistar wani kamfani mai suna W Spann a Jihar Delaware. Ba ya saye, ba ya sayarwa. A Afrilu ya ba kwamitin da ke goyon bayan Mitt Romney dala miliyan 1, a Yuli aka rushe shi. Sai da 'yan jarida suka tayar da ƙura sa'an nan mai kuɗin, Edward Conard, tsohon abokin aikin Romney a kamfanin Bain Capital, ya fito ya ce shi ne.

Na Kalifoniya ya fi wannan sarƙaƙiya. A Oktoba 2012, ana shirin ƙuri'ar raba gardama kan ƙarin haraji da kuma kan kuɗin siyasa na ƙungiyoyin ƙwadago, sai ga dala miliyan 11 sun shigo daga wata ƙungiya ta Jihar Arizona, Americans for Responsible Leadership, wadda ba a san ta da komai a Kalifoniya ba. Hukumar kula da harkokin siyasa ta jihar ta kai ƙara har Kotun Ƙolin jiha. Ana gobe zaɓe ƙungiyar ta amsa cewa ita ma miƙo mata aka yi daga wata ƙungiya, Center to Protect Patient Rights, ita kuma daga wata ta uku, Americans for Job Security. Ƙungiya uku a jere, babu sunan ɗan Adam ko ɗaya. Bayan shekara guda aka ci biyu daga cikinsu tarar dala miliyan 1, lokacin da an daɗe da ƙirga ƙuri'u.

Kada a ɗauka jam'iyya ɗaya ce ke wannan aiki. A shekarun farko bayan 2010 masu goyon bayan jam'iyyar Rifablikan ne a gaba. A zaɓen 2020 sai reshe ya juya da mujiya. Binciken jaridar New York Times ya nuna manyan ƙungiyoyi 15 da ke tare da jam'iyyar Dimokurat sun kashe fiye da dala miliyan 1,500 a wannan shekara, takwarorinsu 15 na ɗaya ɓangaren kuwa kimanin miliyan 900. Ɗaya daga cikinsu, Sixteen Thirty Fund, ita kaɗai ta kashe fiye da miliyan 400. Daga wancan ɓangaren kuma, a 2022 aka gano cewa wani attajirin Chicago, Barre Seid, ya mallaka wa wata ƙungiya mai suna Marble Freedom Trust kamfaninsa gaba ɗaya, ƙungiyar ta sayar da shi a kan fiye da dala miliyan 1,600. Kowace jam'iyya tana kukan kuɗin ɓoye idan na abokiyar hamayya ne, idan nata ne sai ta ce ba ta da ikon hana masoya nuna ƙauna.

ABIN DA YA FARU A OHAYO

Mai yiwuwa wani ya ce, to, mene ne ruwan talaka da wanda ya biya kuɗin talla? Amsar tana cikin abin da ya faru a Jihar Ohayo, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin kotu ta tabbatar da shi daki daki.

A wancan lokaci kamfanin lantarki na FirstEnergy yana da tashoshin nukiliya biyu a jihar, Davis-Besse da Perry, waɗanda suka daina kawo riba. Yana son majalisar jiha ta yi dokar da za ta ɗora wa masu shan wuta ƙarin kuɗi a kan takardar biyansu ta wata wata, a ceto tashoshin. Larry Householder kuwa ɗan majalisa ne wanda ya taɓa zama kakaki daga 2001 zuwa 2004, yana son komawa kujerar. Bukata ta haɗu da bukata. A farkon 2017 aka kafa wata ƙungiyar jin daɗin jama'a mai suna Generation Now. A takarda ba ta da alaƙa da Householder, a zahiri kuwa shi ke juya ta. Daga Maris 2017 zuwa Maris 2020 kamfanin da rassansa suka zuba mata kimanin dala miliyan 60, wani kaso ta hannun wata ƙungiyar dabam don a ƙara nisanta sunan kamfanin.

Da wannan kuɗi aka yi aiki hawa uku. Da farko, a zaɓen 2018, aka tallafa wa 'yan takarar majalisa waɗanda za su zaɓi Householder kakaki, ya kuwa hau kujerar a Janairu 2019. Sa'an nan aka cika gidajen rediyo da talabijin da talla har majalisa ta zartar da dokar, gwamna ya sa mata hannu a Yuli 2019, dokar da za ta tatso fiye da dala miliyan 1,000 daga aljihun masu shan wuta. Hawa na uku shi ya fi muni. Masu adawa da dokar suka shiga tattara sa hannun jama'a don a kai ta ƙuri'ar raba gardama, doka kuma ta ba su kwana 90 kacal. Aka zuba miliyoyi masu yawa don a hana su. Aka yi ta talla ana tsorata mutane cewa gwamnatin Sin ce ke neman mamaye lantarkin jihar, aka ɗauki mutane suna bin masu tattara sa hannu suna hana su sakat, har aka ba wani ma'aikacinsu dala 15,000 don ya riƙa tsegunta yawan sa hannun da suka samu. Wa'adi ya cika ba su kai adadin ba.

Mutumin Ohayo da ke zaune a ɗakinsa yana jin wannan talla bai san cewa kamfanin da zai ci moriyar dokar ne ke biya ba. Suna mai daɗi yake ji, ya ɗauka wasu 'yan kishin jiha ne. Da an rubuta sunan kamfanin a ƙarƙashin tallar, da ya auna ta da wani ma'auni dabam. Kura ce aka yafa wa fatar akuya, aka shigo da ita garke da rana tsaka.

Hukumar zaɓe ba ta tona wannan ba, hukumar haraji ma haka. 'Yan sandan ciki na tarayya ne, da naɗar maganganu a asirce da bin takardun banki. Aka kama Householder ran 21 ga Yuli, 2020. Masu gabatar da ƙara suka nuna cewa fiye da dala 500,000 sun tafi ga bukatun kansa, har da gyaran gidansa na Florida da biyan basussuka. Ƙungiyar Generation Now ta amsa laifi a 2021, kamfanin ya yarda ya biya tarar dala miliyan 230, majalisa kuma ta soke tallafin tashoshin. A Maris 2023 aka sami Householder da laifi, a Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara 20. Tsohon shugaban jam'iyyar Rifablikan na jihar, Matt Borges, ya sami shekara 5. A lura, karɓar kuɗin a ɓoye ba shi ne laifin da aka kama su da shi ba, wannan doka ta halatta shi. Laifin shi ne an tabbatar da ciniki, kuɗi a bakin doka. Inda aka yi irin wannan ciniki da ƙiftawar ido, ba a bar magana a waya ba, babu abin da za a kama.

HUJJAR MASU SON A ƁOYE

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. A 1956 gwamnatin Jihar Alabama ta nemi ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, NAACP, ta miƙa sunayen 'ya'yanta. Kowa ya san abin da zai biyo baya a wancan zamani: kora daga aiki, ƙona gida, ko kisa. Ƙungiyar ta ƙi, aka ci ta tarar dala 100,000. A 1958 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta ce ƙungiyar ce ke da gaskiya, domin 'yancin haɗuwa ba ya tabbata in mutum yana tsoron a san ya shiga. Masu kare sirrin gudummawa suna kuma tuna wa mutane cewa maƙalun da aka rubuta a 1787 da 1788 don jawo hankalin jama'a su karɓi tsarin mulkin Amurka, da sunan aro aka buga su. A 2021 ma Kotun Ƙoli ta dogara da hukuncin Alabama ta hana Kalifoniya tilasta wa ƙungiyoyin agaji miƙa mata sunayen manyan masu ba su kuɗi.

Tsoron ramuwar gayya gaskiya ne, kuma duk ƙasar da mai mulki ke iya rufe wa ɗan kasuwa shago don ya taimaki 'yan hamayya ta san haka. Sai dai lebura baƙar fata a Alabama mai biyan 'yan kuɗin ƙungiya, da kamfanin da ke zuba miliyan 60 don a yi masa doka, ba abu ɗaya suke tsoro ba. Shi ya sa yawancin dokokin da ake kawowa suke sa iyaka, a bar mai ƙaramar gudummawa cikin rufin asirinsa, a bayyana mai babba.

Irin wannan doka ta sha zuwa Majalisar Dattawan Amurka ba ta wuce ba. A Satumba 2010 ta sami ƙuri'a 59, ana bukatar 60. A Satumba 2022 aka tashi 49 da 49. Hukumar zaɓen kuwa an gina ta da kujeru shida, jam'iyya ɗaya ba ta wuce uku, kuma ba a yanke wani muhimmin abu sai da ƙuri'a huɗu, saboda haka sau da yawa akan tashi uku da uku a rufe fayil. Hukumar haraji ta ƙone hannunta a 2013, da aka zarge ta da tsananta wa ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau, kuma a 2020 Ma'aikatar Kuɗi ta ɗauke wa ƙungiyoyin jin daɗin jama'a nauyin miƙa sunayen masu ba su kuɗi ko da ga ita hukumar harajin. Jihohi ne suka ɗan motsa. A Nuwamba 2022 mutanen Arizona, fiye da kashi 70 cikin 100 na masu ƙuri'a, suka amince da dokar da ta ce duk wanda ya kashe dala 50,000 a tallar zaɓen jiha sai ya faɗi asalin mai kuɗin, idan gudummawar ta kai dala 5,000, ko ta hannu nawa ta biyo.

INDA MAGANAR TA SHAFI NIJERIYA

A takarda, dokar ƙasar nan ta fi ta Amurka tsauri. Sashe na 221 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da ke da ikon neman wa ɗan takara ƙuri'a, ko ba jam'iyya gudummawa, ko biyan kuɗin yaƙin zaɓen ɗan takara. Sashe na 225 ya hana jam'iyya ajiye kuɗi a waje, ya kuma ce kuɗin da aka aiko mata daga waje ta miƙa su ga Hukumar Zaɓe cikin kwana 21. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta daga dukiyarsa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a kan naira miliyan 5,000, na gwamna miliyan 1,000, abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara kuma miliyan 50.

Amma kowa ya san yadda ƙungiyoyin goyon baya ke tsirowa kamar ciyawar damina idan zaɓe ya matso, da manyan alluna a bakin titi, da tallar jarida mai cika shafi wadda "abokan wane" suka ɗauki nauyinta. Lissafin da doka ke nema na jam'iyya ne da ɗan takara, abin da waɗannan ƙungiyoyi suka kashe kuwa ba kasafai yake shiga wani littafi ba. Tarihi ma ya nuna ƙungiyar da ba jam'iyya ba tana iya girgiza zaɓe. Ran 10 ga Yuni, 1993, ƙungiyar Association for Better Nigeria ta Arthur Nzeribe ta samo umarnin wata babbar kotu a Abuja na hana zaɓen 12 ga Yuni, kuma rikicin umarnin kotuna yana cikin dalilan da aka kafa hujja da su wajen soke zaɓen. A Disamba 2014 kuma, a wata liyafar tara kuɗi ta jam'iyyar da ke mulki a lokacin, aka sanar an tara fiye da naira miliyan 21,000, alhali dokar 2010 ta tsayar da kuɗin yaƙin zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa a kan miliyan 1,000.

Dokar 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyyar da ta tsayar da ɗan takara ta kai wa Hukumar Zaɓe rahoton gudummawar da ta karɓa cikin wata uku bayan an sanar da sakamako, ta kuma kai lissafin abin da ta kashe, wanda mai binciken kuɗi ya duba, cikin wata shida, ta buga shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Ta kuma umarci Hukumar ta ajiye wannan lissafi a hedkwatarta da ofisoshinta na jihohi, da suna da adireshi da sana'ar kowane mai gudummawa da adadin da ya bayar, domin duk ɗan ƙasa da ya je a lokacin aiki ya nema a nuna masa.